An kawo mini rahoton zaman da ba mu yi ba, wai in sa hannu

Assalamu alaikum Malam. Ina roƙon a sakaya sunana da na ƙaramar hukumarmu. Shekarata 36, malamin firamare ne ni kafin jama'ar mazaɓarmu su tura ni kansila, yau wata tara ke nan da rantsar da mu. Mu goma sha ɗaya ne a majalisa, duk 'yan jam'iyya ɗaya. Da aka raba kwamitoci sai aka ba ni shugabancin kwamitin ayyuka, mu huɗu. Tun da aka kafa shi sau ɗaya muka zauna, shi ma lemo aka sha aka watse.

Daren Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, akawun majalisa ya same ni a gida da fayil a cikin leda. Rahoto ne da aka riga aka buga, wai kwamitinmu ya zauna ranar kaza, ya zaga ya duba kwalbati biyu da rijiyoyin burtsatse uku, ya tarar an kammala su yadda ya kamata. Mutum biyu sun riga sun sa hannu, ni kuma an yi mini alama da fensir inda zan sa nawa. Malam, ba mu zauna ba, ba mu je ko'ina ba. Ɗaya daga cikin kwalbatocin a mazaɓata yake, kullum ta nan nake bi da babur. An haƙa rami, an kafa rodi, an zuba gefe ɗaya, aka kwashe kayan aiki. Ruwan farko da ya sauka, a nan amalanken wani bawan Allah ya kafe da buhunan taki.

Mai kwangilar ƙanen Alhajin da ya saya mini fom ne, ya buga mini fosta, ya tsaya mini har aka ba ni takara. Na ce wa akawu ya ba ni kwana biyu, yau kwana shida. Shugaban majalisa ya kira ni ya ce haka ake yi, kada in ware kaina daga 'yan'uwa. Mahaifina ya ce kada in ci amanar da na rantse a kanta, amma kuma kada in butulce wa Alhaji. Matata ta ce in sa hannu mu huta, ko in ajiye kujerar in koma aji, don tun da na hau ba ta ga komai ba sai baƙi da asuba da takardun asibiti, ga bashin kamfe ban gama biya ba. Mutanen mazaɓa kuma sun fara cewa Honarabul ya ci ya yi shiru. Barci ya gagare ni. In sa hannu ne, in ƙi, ko in yi murabus?

Daga wani kansila a Arewa maso Yamma

Wa alaikumus salam, Honarabul. Na kira ka da sunan da mutanen mazaɓa suke kiran ka da shi, duk da na san a 'yan kwanakin nan nauyi yake yi maka a kunne. Kwana shidan da fayil ya yi a ɗakinka ba ka taɓa shi da biro ba, kada ka lissafa su a cikin tsoro. Mutum biyu a tsaye suka sa hannu, kai ka ce a ba ka lokaci, kuma a irin wannan daren, da akawu a zaure yana jira, faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ɗan'uwa. Kada ka sa hannu a takardar nan yadda take, kuma kada ka ajiye kujerarka. Akwai hanya ta uku wadda a duk waɗanda ka lissafa ba wanda ya ambata maka ita: ka yi zaman da aka ce kun yi, ku je inda aka ce kun je, sannan ka sa hannu a kan abin da idonka ya gani. Kai ne shugaban kwamitin, kiran zama hurumin ka ne, ba alfarma za ka roƙa ba.

Amma bari mu fara da tambayar da nake jin ba ka yi wa kanka ba. Me ya sa ake bin ka har gida da dare saboda sa hannu ɗaya? Ka dubi yadda ƙaramar hukuma take. Gefe guda akwai masu zartarwa, wato ciyaman da mataimakinsa, sai sakatare da kansiloli masu gafaka da ke kula da sassan hukuma, su waɗannan naɗa su ake yi. Su ne suke zama a kwamitin kuɗi da al'amuran yau da kullum, wanda ma'aikata ke kira F&GPC, a can ake amincewa da kwangila da biyan kuɗi. Injiniyan sashen ayyuka ya ba da takardar shaidar an yi aiki, a haɗa bauca, ma'aji ya biya. Ɗaya gefen kuma ku ne zaɓaɓɓun kansiloli, aikinku yin dokokin ƙaramar hukuma, da tattaunawa kan kasafin kuɗi da amincewa da shi, da bin diddigin ko abin da kuka amince da shi ne aka aiwatar. Ka ga ke nan ba sa hannunka ne mabuɗin asusu ba. Ina kyautata zaton ma wani kaso na kuɗin nan ya riga ya fita. Rahotonka garkuwa ce ake tanada saboda ranar da za a zo bincike. Kowace jiha tana da Odita Janar na ƙananan hukumomi, kuma ranar da mutanensa suka buɗe fayil suka ga kwalbatin da aka biya kuɗinsa babu shi a ƙasa, za su nemi wanda ya rubuta cewa ya je ya gani. Sunan Alhaji ba ya cikin fayil ɗin nan, na shugaban majalisa ma ba ya wannan shafin. Naka ne a ƙasa, da muƙaminka a jikinsa.

Ka riƙe wannan da kyau, domin yana sauƙaƙa maka abu guda: ba kai ne kake tare wa ƙanen Alhaji abincinsa ba. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka ɗauki kayan wani ka ɗora a kanka.

Ta fuskar doka, kansila ba ƙaramin mutum ba ne kamar yadda ake raina shi. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya tabbatar da majalisun ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, kuma Jadawali na Biyar ya sa ciyaman da kansiloli da ma'aikatansu cikin waɗanda dokar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu. Shi ya sa aka ba ka fom ɗin bayyana kadarori ka cike. Wanda doka ta ɗauke shi da wannan girman, ba za ta karɓi "haka na tarar ana yi" daga bakinsa ba. Ka kuma tuna zamanin da ka hau. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ta kuma haramta ɗora kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Rabon ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. Duk jan ƙafar da aka yi wajen aiwatar da hukuncin, abu ɗaya ya tabbata, ido ya dawo kan sakatariyoyinku fiye da da. Wa'adinku gajere ne, fayil kuwa yana nan a kabad bayan kun tafi, kuma galibi sai mulki ya sauya hannu ake kakkaɓe masa ƙura, lokacin da wanda ya ce maka "ba komai" ba ya ɗaga waya. Ta fuskar addini ba sai na tsawaita maka ba, malami ne kai. Ka ce ka gani alhali ba ka gani ba, sunanta shaidar zur, kuma ka san inda hadisi ya ajiye ta a jerin manyan zunubai. Buga ta da kwamfuta a kan takarda mai tambarin hukuma bai sauya mata suna ba.

To yanzu mutanen da suka kewaye ka. Akawu kada ka riƙe shi a zuciya, aiko shi aka yi. Ma'aikaci ne da ya ga majalisu sun zo sun wuce, kuma da yawa daga cikinsu ajiyar zuciya suke yi idan suka samu kansilan da ya ce a bi ƙa'ida, don su ma sunansu na cikin takardun. Ka mai da shi malaminka. Ka roƙe shi kwafin dokar ƙananan hukumomi ta jiharku da ƙa'idojin zaman majalisarku, ka zauna ka karanta su kamar yadda kake shirya darasi. A ciki za ka ga mutum nawa ne sai sun hallara zaman kwamiti ya inganta, kwana nawa ake bayarwa na sanarwa, yadda ake gabatar da rahoto a zauren majalisa, da abin da ake bi kafin a dakatar da kansila. Kowace jiha da tata dokar, saboda haka taku za ka nema, ba ta maƙwabta ba. Wata tara kana shiga zaure ba ka riƙe waɗannan takardu biyu ba, wannan kam laifinka ne, amma gyaransa na mako ɗaya ne.

Shugaban majalisa kuwa, da ya ce maka haka ake yi, ba ƙarya ya yi ba, abin da ya saba gani ya faɗa. Kansila ne kamarka, ku kuka zaɓe shi a tsakaninku, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ciyaman ya ga ya kasa riƙe mutum goma. Idan ka ƙi a bainar jama'a, ka tozarta shi, dole ya yaƙe ka ko ba ya so. Ka same shi shi kaɗai ka ce masa: "Shugaba, ni ba ƙin sa hannu na yi ba. So nake in sa a kan takardar da za ta kare mu gaba ɗaya. Ka ba ni mako ɗaya in kira zama mu je mu dawo." Da wuya ya iya ce maka kada ka kira zama, domin ya san nauyin wannan maganar idan ta fita. Kuma don Allah, a wannan matakin ka nisanci Facebook da gidan rediyo. Ranar da ka kai maganar can, ta tashi daga batun kwalbati ta koma batun wa ya fi wa, kwalbatin kuma ya ci gaba da zama rami.

Ga yadda zan so ka tafiyar da zaman. Ka rubuta wasiƙar kira ta hannun akawu, da rana da lokaci da abin da za a tattauna, kwafi ga shugaban majalisa, a buga maka hatimin an karɓa a naka kwafin. A cikinta ka nemi a kawo wa kwamiti takardar ba da kwangila ta kowane aiki, da takardar ƙididdigar kayan aiki da farashinsu, da adadin da aka riga aka biya, da shaidar injiniya in akwai. Ka gayyaci shugaban sashen ayyuka ya raka ku. Wuri biyar ne, wuni ɗaya ya ishe ku ko da a kan babura ne. Idan kun isa rijiyar burtsatse kada ka tsaya daga nesa ana nuna maka da yatsa. Ka kama hannun famfon ka buga da kanka, ka ga bugu nawa ruwa yake zuwa, ka tara a hannu ka duba launinsa. Mai unguwa zai iya jin nauyin baƙi ya ce komai lafiya, don haka ka tambayi matan da ke wurin da yaran da ke riƙe da jarka, su ne suka san ranar da ta daina ba da ruwa da ranar da aka zo aka ɗauke kan. A kwalbati ku tafi da tef, ku auna faɗi da tsawo ku gwada da abin da ke takarda, ka ɗauki hoto da wayarka kuna tsaye a wurin.

Wajen rubuta rahoton ne nake so ka fi yin hattara. Kada kalmar sata ko cin kuɗi ta shiga ciki, ba kai ne alƙali ba, kuma ita ce za a kama a bar sauran. Ka rubuta abin da ko makaho ya shafa zai tabbatar: an zuba kankare gefe ɗaya, ba a rufe sama ba, ba a cike ƙasa ba, mota ba ta iya wucewa. Mai yiwuwa ne ku tarar biyu ko uku daga cikin ayyukan an yi su da kyau, to ku faɗa, ku yaba, ku ba da shawarar a biya su ba tare da ɓata lokaci ba. Waɗanda ba a gama ba ku ba da shawarar a ba mai kwangila wa'adi ya koma bakin aiki kafin damina ta yi nisa, kwamiti ya sake komawa ya duba. Irin wannan rahoton bai rufe wa kowa ƙofa ba. Kuma tun a farkon zama ka faɗa da bakinka, a rubuta, cewa mai ɗaya daga cikin kwangilolin ɗan'uwan mutumin da ya taimake ka ne a zaɓe. Kowa a ɗakin ya riga ya sani, amma faɗinsa yana kare ka daga masu cewa ka rufa masa asiri da masu cewa wani ne ya zuga ka a kansa.

Idan abokan naka suka ƙi zuwa fa? Ka zauna a ɗakin taro har lokaci ya wuce, akawu ya rubuta waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba, ka sake kira. Ka lura akwai mutum na huɗu da bai sa hannu ba tukuna, ka neme shi tun yau, wataƙila shi ma jira yake ya ga ƙafar da za ka taka. Su biyun da suka sa hannu ma kada ka yanke musu hukunci, ka nuna musu cewa sabon rahoton ne zai fitar da su daga tsohon. Idan kuma suka zo suka rinjaye ka, to ka sani a kwamiti da zauren majalisa rinjaye ne yake yanke magana, wannan ba abin jin haushi ba ne. Haƙƙinka shi ne a rubuta cewa ba ka amince ba da dalilinka, ka kuma miƙa naka bayanin a rubuce, a buga maka hatimi, ka adana kwafi a wajen ofis. Sannan akwai wani lokaci a kowane zama da yawancin kansiloli suke duba waya ko su fita amsa kira, wato lokacin da akawu yake karanta bayanin zaman da ya gabata don a amince da shi. Wallahi nan ne majalisa take. Abin da aka karanta aka ce an amince, shi ne ya faru a idon hukuma, ko da ba shi ya faru ba. Ka kasa kunne, in an tsallake maganarka ka ɗaga hannu a gyara kafin a wuce. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane zama ka rubuta kwanan wata da waɗanda suka halarta da abin da aka yanke.

Saura Alhaji, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Ba zan ce maka ba ya bin ka komai ba. Mutumin da ya fitar da kuɗinsa ya tsaya maka ranar da wasu suka juya baya yana da haƙƙi a kanka, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai a tambaya, wane askin aka yi ciniki? Girmamawa, ziyara, shawara da shi kafin ka yanke babban abu, tsaya masa a siyasa, duk suna ciki. Ka rattaba hannu a kan ƙarya saboda ƙanensa ba ya ciki, ko da shi yana ganin yana ciki. Maganganun mahaifinka biyu da kake ganin sun ci karo, ni ban ga karo ba. Butulci shi ne Alhaji ya ji a bakin duniya cewa yaron da ya ɗora ya tona ƙanensa a majalisa. Saboda haka kafin ranar zama, ka ɗauki mahaifinka ko wani dattijon da Alhaji yake jin kunyarsa, ku same shi a gida lokacin da fada ta watse. Ka zauna a ƙasa yadda ka saba, ka ce: "Alhaji, kai ka kai ni wurin nan, shi ya sa ban yarda ka ji daga wani ba. An kawo mini takarda in ce an gama kwalbatin garinmu, kuma kowa yana ganin ba a gama ba. In na sa hannu, ni da kai za a zaga. Na zo ka taimake ni a sa shi ya koma ya ƙarasa, ni kuma ranar da ya gama ni zan fara sa hannu." Ka nuna masa hoton a waya. Sau da yawa manya ba su san halin da aikin ƙannensu yake ciki ba, ana ce musu saura kaɗan. Kuma kwalbatin nan a mazaɓarsa yake shi ma, mai amalanken da ya kafe ya san ƙanen wane ne ya bar ramin. Kuɗin siminti da rodin da suka rage ba su kai sunan Alhaji tsada ba, kuma ɗan siyasa ya fi kowa iya wannan lissafin.

Zai iya yin fushi duk da haka. In ya yi, ka haɗiye, kada ka mayar, kada ka daina gaishe shi. Sai idan ya kai ga yi maka gorin fom da fosta ne za ka ce, cikin ladabi kuma ta bakin dattijon da ya raka ka, a lissafa maka ka riƙa biya a hankali. Kada kai ka fara kawo zancen, zai ji kamar ka ce ka sallame shi.

Ba zan ɓoye maka farashin ba. Za a iya karɓe shugabancin kwamitin a ba wani, alawus ɗinka ya riƙa makalewa, a daina kiran ka wasu zaman na bayan fage, kuma mai yiwuwa ba za ka sake samun takara ba. Akan ma dakatar da kansila a kan abin da bai kai wannan ba. In ta kai ga haka, ka nemi a ba ka a rubuce, ka kai wa lauya tare da littafinka da kwafin wasiƙunka. Daga nan ne ƙofofin waje suke buɗewa: kwamitin ƙananan hukumomi na majalisar dokokin jiha, ofishin Odita Janar, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, har ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci. Amma waɗannan na ƙarshe ne, bayan ka bi na cikin gida kana da shaidar ka bi. In kuwa ka ga matsin ya fi ƙarfinka, akwai mataki tsakanin sa hannu da murabus, ka ajiye shugabancin kwamitin a rubuce ka ci gaba da zama kansilan mazaɓarka. Kujerar kanta ba taka ce kai kaɗai ba. In ka tashi, ko dai mazaɓarku ta zauna ba murya, ko a kawo wanda zai sa hannun nan kafin akawu ya gama buɗe leda. Ajin da ake cewa ka koma ma, ai sai da ka ajiye aikin kafin ka tsaya takara, ba jiran ka yake yi ba.

Mutanen mazaɓa da suke cewa ka ci ka yi shiru, rabin maganarsu gaskiya ce, ka yi shirun. Ba su san abin da kake yi a sakatariya ba, sai suka auna ka da abin da suka sani, wato abin da ke fita daga aljihunka. Ka sa rana ɗaya a wata, a ƙofar gidan dagaci ko a filin firamare, ka gaya musu abin da aka tattauna da abin da ka ce. Ka karanta musu ayyukan da Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma, kasuwa da tasha da mayanka, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, maƙabarta, da hannunta a firamare da asibitin sha-ka-tafi da harkar noma. Su zaɓi uku da suka fi damunsu, ka kai su zaure a matsayin ƙuduri tun kafin a kawo kasafin baɗi, domin abin da bai shiga kasafi ba sai dai a yi ta alƙawari. Ƙuduri kuma sai da mai mara masa baya, don haka ka tsaya wa na kansilan maƙwabta shi ma ya tsaya wa naka. Masu takardun asibiti ka ware abin da za ka iya a wata, ka sa musu wuri da lokaci ba ƙofar gida da asuba ba, in ya ƙare ka ce ya ƙare.

Uwargida kuma ka lura ta ba ka shawara biyu masu kishiyantar juna a numfashi ɗaya. Wannan ba mai son ka sa hannu ba ce, gajiya ta yi, kuma tana da gaskiya, ita take dafa abincin baƙin. Ka zaunar da ita ka nuna mata abin da yake shigowa da abin da ya rage na bashi, ku fitar da na cefane da na makarantar yara kafin kowa ya samu sisi. Ka gaya mata abin da ka yanke da abin da zai iya biyo baya, har da yiwuwar alawus ya tsaya wata biyu ko uku, don kada ta ji a bakin matan unguwa.

Fayil ɗin nan kada ya ƙara kwana a gidanka. Yau da dare ka ɗauki hotonsa shafi-shafi, gobe ka mayar wa akawu a ofis da rana tsaka, ba a zauren gida ba, tare da wasiƙar kiran zama. Jibi ku je wajen Alhaji. Allah ya dafa maka, Honarabul, kuma in kun dawo daga wajen kwalbatin ka rubuto mini abin da tef ya nuna.